Gadon Baba Muttaka

Ranar da Baba Muttaka ya ce khalas, shi ke nan, ya gaji da tuƙin motar Larabawa, zai koma Funtuwa ya kama noman tumatir, kowa a ɗakin ya yi masa fatan alheri. Amma wallahi mutum biyu a cikinsu ba fuskarsa suke kallo ba, gadonsa suke kallo.

Ɗakin a unguwar Fereej Abdel Aziz yake, cikin Doha, a saman shagon wani tela, mutum biyar a ciki. Gadajen ƙarfe biyu masu hawa biyu, sai gadon Baba shi kaɗai a jikin bango, na katako, ba kowa a samansa, iskar esi tana isa gare shi daidai wa daida. Osman, mutumin zangon Kumasi mai tuƙa tasi, yana ƙasan ɗaya, don in aka ɗora shi a sama sai an kira mai walda. Bashiru yana ƙasan ɗayan, tun da ya taɓa faɗowa cikin barci ya fasa musu filas ɗin shayi aka yanke masa hukuncin zaman ƙasa. Saura Haladu da Sunusi. Su ne 'yan sama, kuma su ne suka fi kowa daɗewa a ɗakin bayan Baba.

Haladu Bazazzagi ne, gadi yake yi a wani katafaren kanti a Al Gharrafa, a tsaye tun safe har rana ta faɗi. Tsayuwar nan ta cinye masa gwiwar dama. Kullum in ya dawo ya dubi tsanin gadonsa sai ya ji kamar ya yi kuka, in zai sauko da asuba kuwa sai ya cije leɓe don kada wani ya ji nishinsa. Bai gaya wa kowa ba. Ya ga yadda aka yi da wani abokin aikinsa da ya ce bayansa na ciwo: aka kai shi gwajin likita, daga can sai filin jirgi. Kamfanin gadi ba ya riƙe gurgu, kuma magana a Doha ba ta kwana a ɗaki ɗaya. Ga matarsa Mero da yara a Zariya sun zuba masa ido. Don haka gadon nan na ƙasa, a wurin Haladu, ba kwaɗayi ba ne. Yana tsoron in ya ci gaba da hawa da sauka, wata rana ƙafar za ta ƙi kai shi wurin aiki.

Dokar ɗakin kuwa tun fil azal ita ce, in mai gadon katako ya tashi, wanda ya fi daɗewa shi ke hawa. A nan gizo ke saƙar. Haladu ya riga Sunusi shigowa, wannan ko makaho ya sani. Sai dai kamfani ya taɓa ɗauke shi ya kai shi Al Wakrah, ya yi kusan shekara a can yana gadin kasuwar kifi kafin a maido shi. Sunusi kuwa, Bakano, direban gidan wani attajiri, tun da ya ajiye jakarsa bai taɓa kwana a wani wuri ba.

Da ba don kallon Juma'a ba, da an zauna an sasanta kamar mutane. To amma ina.

Juma'a ce kaɗai ranar da su biyar ɗin ke haɗuwa. In an sauko daga masallaci aka ci abinci, sai Osman ya jingina babbar wayarsa a jikin tukunya ya kunna musu wani dogon shirin Turawa, labarin sarakunan Ingila na zamanin takobi da sulke. 'Yan uwa ne na jini, jikokin sarki ɗaya, suka kasu gida biyu suna yanka juna a kan sarauta. Gida ɗaya alamarsu farin fure, ɗayan jan fure. Abin haushi, duk mazan cikinsu sunaye uku kawai suke juyawa, uba da ɗa da ɗan wa duk suna ɗaya, har Bashiru ya ce ko dai raguna ne ke tsada a ƙasar shi ya sa ba sa neman sabon suna. Osman ke fassara, don shi ya fi jin irin wannan Turancin na cikin hanci. Kuma yana da wani ƙaton littafi na labarin, wanda wata fasinja ta manta a motarsa, saboda haka ya zama malamin ɗaki.

Hausar Osman kuwa ta zango ce, mai daɗin ji, amma ba ruwanta da mace ko namiji. Makonni aka yi yana cewa, "Sarauniya ya ce a tara sojoji, sarauniya ya yi fushi," har Bashiru ya ɗauka wani gardi ne ake wa laƙabi da Sarauniya. Sunusi ya sha gyara masa, shi kuwa sai ya ce, da irin kiran aboki na mutanen Gana, "Chale, kun gane ko ba ku gane ba?"

Wata Juma'a aka zo inda wani dattijon bafade yake bayyana asalin rigimar, Osman ya tsayar da shirin ya yi musu dalla-dalla. 'Yan farin fure daga babban wa suka fito, amma ta wajen mace, zuriyar ta ɗan ratse ta dawo. 'Yan jan fure daga ƙani suka fito, amma namiji bayan namiji, ba yankewa, kuma su ne a zaune.

Haladu ya ajiye cokali. "Tsaya. Wato na farin furen su suka riga?"

"Su suka riga."

"Shi ke nan, magana ta ƙare. Wanda ya riga ka kwana ai ya riga ka tashi. Ratse ba ya kashe asali."

Sunusi ya yi wata 'yar dariya ta Kanawa, irin wadda ake yi wa baƙauye a Kantin Kwari. "Bawana, wanda ya tashi daga layi ya tafi cin kifi, in ya dawo baya yake komawa. Ko a Ingila, ko a Fereej."

"Wa kake ce wa bawa? Kanon da muka ba ku aron hankali?"

Wasan Kanawa da Zagezagi ne, sun saba, amma ranar nan kowa ya ji akwai ƙashi a cikin naman. Aka juya ga Baba Muttaka. Yana zaune a kan gadon da ake faɗa a kai, yana jan carbi, ya ce, "Allah ya ba mai rabo." A cikin shirin akwai wani sarki bawan Allah, wanda in an zo masa da maganar mulki sai ya ƙura wa bango ido yana addu'a. Tun daga ranar Baba ya zama shi. Duk ta inda aka ɓullo masa, carbi.

Washegari Haladu ya dawo daga aiki da farar albasa ƙulle a zare, ya rataye ta a ƙarfen gadonsa, tunda fure a Doha sai gidan masu hali. Kafin a kwanta jar albasa ta bayyana a gadon Sunusi. Bashiru ya ce shi ba ya goyon bayan kowa, shi talaka ne, kuma a shirin ma talakawa ake tattakewa. Bayan kwana biyu ya sauke albasun duka ya yanka a miya, aka wayi gari an rataye sababbi.

Haladu ya zauna ya yi nazari. A shirin akwai wani babban hakimi, mai dawakai da dukiya, wanda duk ɓangaren da ya koma shi ke cin sarauta, ya naɗa wannan yau, gobe ya tuɓe shi ya naɗa wancan. A ɗakin nan wa ke da kunnen Baba? Osman. Shi ke kai shi kasuwa sayen tsaraba, shi zai kai shi filin jirgi. Sai Haladu ya buɗe akwati ya ciro kilishin da Mero ta aiko masa, wanda yake ci kamar magani, yanki-yanki, ya tare Osman a matakala.

"Malam Osman, ga ɗan abin taɓawa."

Osman ya shinshina, idonsa ya yi haske. "Haladu, kai mutumin kirki ne."

"A littafin naka, wa ya ci?"

"Farin fure ya ci. Babban yaƙi a cikin ƙanƙara, ya kori jan fure har bakin teku."

Haladu ya ji daɗi har cikin gwiwarsa. Bai tambayi ko wannan a tsakiyar littafin yake ko a ƙarshe ba, Osman kuma bai ga dalilin ɓata wa mai kilishi rai ba. Abin da Haladu bai sani ba shi ne, a wannan makon kullum Sunusi na dawowa daga gidan kafil ɗinsa, wato maigidansa, da kwanon shinkafar Larabawa da naman rago, kuma ba cikin Sunusi take shiga ba. Osman dai ya yi ƙiba a kan ƙibarsa.

Sau biyu Haladu yana kusan faɗin gaskiya. Sau ɗaya ya tarar da Baba shi kaɗai yana ɗaure kaya, ya buɗe baki zai ce, Baba, ƙafata, sai ya ji bakin ya ce, "Baba, ko a shari'a ai babban ɗa ake dubawa." Baba ya dube shi ya ce, "Miƙo min igiyar can." Haladu ya fito yana jin haushin kansa, amma ya ƙudurta a ransa shi ba zai yi roƙo a kan abin da yake haƙƙinsa ba, balle a gaban Bakano.

Baba ya tashi ranar Alhamis da hantsi, duk suna wurin aiki ban da Osman da ya kai shi, an riga an yi sallama tun da asuba. Osman ya dawo daga filin jirgi ya ce lalle Baba ya bar saƙo, amma ba zai faɗa ba sai gobe a gaban jama'a, haka ake yi a fada. Gadon katako ya kwana ba kowa a kai.

Juma'a bayan an ci abinci, Osman ya ce sai an yi kallo tukuna. Haladu ya zauna a kan tabarma ya miƙe ƙafar dama, kamar dai zaman jin daɗi. A shirin ranar an gama wani yaƙi, sabon sarki ya hau kujera, aka kawo hakiman da aka ci da yaƙi ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya zo sai ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ta dama, ya sa hannuwansa a cikin na sarki, ya yi rantsuwar biyayya. Bashiru ya ce, "Kai, Turawan nan ko durƙuso rabi suke yi."

Da aka gama Osman ya miƙe, ya gyara riga, ya yi gyaran murya.

"Baba ya ce in gaya muku. Ya ce, gado na Haladu ne."

Haladu bai san lokacin da ya ce "Allahu Akbar" ba. Ya dafa bango ya tashi, ya isa gadon katako ya zauna a tsakiyarsa, ya shafa katifar da tafin hannu. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa. Da ya tsaya a nan, da ya tsira da mutuncinsa. To amma daɗi ya yi masa yawa, kuma ga Sunusi a tsaye baki buɗe.

"Bawana," in ji Haladu, "ka ga yadda ake yi a Ingila. Zo ka durƙusa. Gwiwa ɗaya, ta dama. Doka ce daga yau, duk wanda aka kayar a ɗakin nan sai ya yi mubaya'a. Yalla, maza."

"Doka ce?" Sunusi ya tambaya.

"Doka ce. Jama'a ku shaida."

"Mun shaida," in ji Bashiru, yana lashe cokali.

Sunusi ya ciro waya. "To bari in ji daga bakin mai shi. In haka ya ce, zan durƙusa."

Ya kira Funtuwa ya buɗe murya kowa na ji. Hayaniyar gida ta cika ɗakin, yara, akuya, wata mata tana kiran a kawo ruwa. Baba ya amsa da muryar wanda ya ƙoshi da tuwo. Aka gaisa, aka yi ban gajiya, sannan Sunusi ya ce, "Baba, wai ka ce gado na Haladu ne?"

"Wane gado?"

"Na kwanciya, Baba. Na katako."

"A'a! Wa ya faɗa? Gaado na ce. Gaaado!" Baba ya ja kalmar kamar yana jan guga daga rijiya. "Wanda ya bar Qatar ai a ɗakin nan ya zama mamaci. Na ce abin da na bari, buta, da tukunyar shayi, da fankar hannu, da bargon nan mai damisa, Haladu ya gada. Shi kuwa gadon kwanciya ai da dokarsa. Wanda zamansa bai yanke ba. Sunusi ke nan. Ni zan karya dokar da na tarar?"

Duk aka juya aka dubi Osman. Kowane ɗan arewa ya san tsakanin gadon da ake kwanciya a kai da gadon da ake rabawa akwai ɗan ja a baki. A bakin Osman kuwa duka biyun abu ɗaya ne, gajere, tamkar an yanke masa wutsiya.

"Abin da na faɗa ke nan," in ji Osman. "Gado."

"Gaado!"

"Eh, gado. Chale, ku ne kuke da matsala. Kalma ɗaya, kun sa masa aiki biyu."

Har yau ba a san ko kuskuren harshe ne ko kuwa hakimin ya ga ya ci kilishi ya ci rago, ya nemi hanyar da zai naɗa kowa ko da na ɗan lokaci ne. Bashiru dai ya kwanta a ƙasa yana dariya yana buga tabarma. Baba ya ce a gai da tela, ya kashe waya.

Haladu ya tashi daga kan gadon a hankali. Kunya ta rufe shi, amma ba kunyar ce ta fi damunsa ba. Tsanin ƙarfen nan ya hanga a gefe, yana jiransa kamar kullum. Sunusi ya zo ya zauna inda ya tashi, ya harɗe, ya ɗora bargon damisa a kafaɗa duk da cewa ba nasa ba ne.

"Bazazzagi," ya ce, "akwai wata doka da aka kafa ɗazu. Jama'a sun shaida."

"Mun shaida," in ji Bashiru daga ƙasa.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Haladu ya dubi ƙofa, ya dubi Sunusi. Yana iya cewa wasa yake yi. Yana iya cewa ba zai iya ba, amma sai a tambaye shi dalili. Sai ya yi murmushin ƙarfin hali ya ce, "Mu Zagezagi ba ma saɓa magana." Ya matsa gaban gadon, ya ja ƙafar dama baya, ya sauke dukan nauyinsa a kan gwiwar.

Ƙarar da ta yi kowa ya ji ta. Haladu ya yi wani nishi da bai taɓa bari ya fito ba, fuskarsa ta jiƙe da gumi nan take. Ya yunƙura zai tashi, ƙafar ta ƙi. Ya sake yunƙurawa, sai ya tafi gefe ya dafe ƙasa da hannu biyu. Dariyar Bashiru ta tsaya cak.

Sunusi ya yar da bargon ya duro. Shi da Osman suka kama shi ta hammata suka ɗaga, kuma da yake ba inda ya fi kusa, a kan gadon katakon suka kwantar da shi. Bashiru ya ruga ya kawo ƙanƙara a leda. Haladu ya rufe fuska da hannu.

"Ba komai," yake cewa, "jijiya ce ta ɗan riƙe. Don Allah kada maganar ta fita. In kamfani ya ji..."

"Rufe mana baki," in ji Sunusi. Ransa a ɓace yake. "Kana zaton ba mu sani ba? Kowace asuba muna jin saukowarka kamar ana sauke buhun siminti. A masallaci kullum kai ne a jikin bango kana miƙe ƙafa. Wata nawa muna gani? Wa ya fitar da maganar?"

Haladu ya sauke hannu ya dube shi. "Ka sani?"

"Har tela ya sani."

"To me ya sa ka yi ta ja da ni?"

"Don ka zo min da albasa! Da ka ce, Sunusi, ƙafata, wallahi ko Baba bai tashi ba da mun san yadda muka yi. Sai ka tsaya kana kawo min tarihin Ingila, wai kai babban wa. Ni kuma in bar Bazazzagi ya ƙwace min abu da hujja? A gaya wa wa a Kano?" Ya danna masa ledar ƙanƙarar a gwiwa da ɗan ƙarfi, har Haladu ya ce wash. "Ban zaci za ka durƙusa ba, sakarai. Na zaci a nan dai za ka faɗa."

Haladu ya dubi Sunusi. Abin da ya ƙi fitowa tun tuni ya zo masa baki, ya ga ashe bai kai nauyin da yake zato ba.

"Sunusi," ya ce, "ƙafata. Ka bar min gadon."

Sunusi ya miƙe tsaye, ya gyara hula. "Gadon nawa ne, kowa ya ji daga bakin Baba. Ku shaida, aro na ba bawana, don mu Kanawa ba ma barin bayinmu su lalace."

"Mun shaida," in ji Bashiru.

Sai ya kama tsanin gadon Haladu ya hau, ya fara jefo masa kayansa ƙasa, filo da zanin gado da cajar waya, yana mita yana cewa ko wari sai na Zariya. Haladu ya kwanta yana kallon silin, ba ƙarfe a samansa, ba kowa. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido zuwa cikin kunne, ya bar shi bai share ba.